Duhu ne ke Kisa ko Gudu? Muhawara kan Haɗarin Dare a Hanyoyin Ƙasar Gumel

A tsakanin masu bin hanyoyin ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, an daɗe ana saɓani a kan abin da ya sa haɗarin mota na dare yakan fi na rana cin rai, kuma saɓanin ya wuce hirar direbobi da 'yan kamasho a tasha, domin amsar da aka ba shi ita ce za ta nuna inda ya dace a zuba ɗan abin da hukuma take da shi. Ɓangare guda na ganin duhu shi ne tushen matsalar, tunda direba ba zai kauce wa abin da idonsa bai gani ba, don haka maganinta haske ne, kama daga fitilun kan titi zuwa lafiyayyun fitilun mota da alamomin da ke ƙyalli idan haske ya same su. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa yake duhu bai taɓa kashe kowa ba, gudu da gajiya da shaye-shaye da ganganci su ne ke kisa, dare kuma lokaci ne kawai da waɗannan halaye suka fi samun fili, saboda haka duk kuɗin da aka kashe a kan turakun fitila alhali an bar direba da halinsa, asara ce.

Kafin a auna hujjojin biyu sai an san irin hanyar da ake magana a kanta. Gagarawa Tasha ta bunƙasa ne a gindin tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma tun da harkar jirgin ta ja baya sai kayan da dogo yake ɗauka suka koma kan kwalta. Kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, tana ci ranar Alhamis, ta Gujungu a ƙaramar hukumar Taura kuma ranar Lahadi, kuma hanyoyin da suka haɗa waɗannan garuruwa da Gumel da Kano da Haɗeja hannu biyu ne kawai, na zuwa da na dawowa, ba tare da shinge a tsakani ba. A kan wannan siririyar kwalta ne tirela mai lodin shanu ko riɗi ko zoɓo take haɗuwa da tankar mai, da Golf da Sharon na haya, da babura, da amalanken shanu, da garken tumaki, da matan da suka ɗauko kaya a ka. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne gajartar almuru a wannan yanki: rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Disamba, ta kusa bakwai a watan Yuni, kuma cikin abin da bai kai rabin awa ba hasken ya ɗauke, daidai lokacin da kasuwa take watsewa, kowa yana hanzarin ya isa gida.

Hujjar masu ɗora laifi a kan duhu ta fi ƙarfi idan aka zo lissafi, kuma lissafin ya ginu a kan ma'auni biyu. Na farko shi ne tazarar gani, wato nisan da direba zai iya hango abu a gabansa har ya gane ko mene ne. Na biyu shi ne tazarar tsayawa, wato nisan da mota za ta ci daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da tayoyi suka tsaya cak, kuma wannan ya ƙunshi tafiyar da motar take yi kafin ƙafa ta kai ga birki da wadda take yi bayan an taka shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, ya riga ya ci mita 42, sannan birkin kansa, a kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, zai buƙaci fiye da mita 50, jimilla kusan mita 100. Gajeren haske na fitilar mota, wanda direba yake komawa gare shi idan wata mota ta fuskanto shi, yakan nuna abu ne a tazarar mita 50 zuwa 60 idan fitilar lafiyayya ce, kuma mutumin da ya sa baƙaƙen kaya sai an matso fiye da haka kafin a gan shi. Abin da wannan ke nufi shi ne direban da ke gudun 100 da gajeren haske ya riga ya rasa damar tsayawa tun kafin ya ga abin da zai buge, ko da kuwa ba ya cikin maye, ba ya jin barci, kuma birkinsa sabo ne.

Masu wannan ra'ayi suna da binciken masana a bayansu. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdigar haɗurra dalla-dalla, kusan rabin mutuwar kan hanya da dare take faruwa, alhali tafiyar dare ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na dukan tafiye-tafiye ba, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙafa da mota ta kashe, cikin duhu ta same su. Ana iya cewa ai mutanen dare daban suke da na rana, shi ya sa wasu masana biyu na Jami'ar Mishigan, John Sullivan da Michael Flannagan, suka nemi hanyar raba duhu da halin mutane a wani bincike da suka wallafa a 2002. A ƙasarsu ana sauya agogo da awa ɗaya sau biyu a shekara, ta yadda ƙarfe kaza na yamma da yake da haske a wannan mako zai zama duhu a mako mai zuwa, alhali mutanen da ke kan hanya su ne dai, ayyukansu ma ba su sauya ba. Da suka kwatanta makonnin kafin sauyin da na bayansa, sai suka tarar mutuwar masu tafiya a ƙafa tana ninkawa sau uku zuwa kusan bakwai idan wannan awar ta faɗa cikin duhu. Haka kuma Rune Elvik na ƙasar Norwe, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa a 1995, ya kai ga cewa sanya fitilun titi yana rage haɗurran dare masu kisa da kusan kashi 65 cikin ɗari.

Duk wanda ya san hanyar Gumel zuwa Maigatari a daren Alhamis ya san siffar da wannan lissafi yake ɗauka a ƙasa. Amalanke ba ta da fitila ko ɗaya, katako ne da ƙarfe marasa ƙyalli, tana tafiyar sa, kuma sau da yawa yaro ne yake korar ta. Tirelar da ta lalace takan kwana a kan kwalta saboda gefen hanyar yashi ne da ba zai ɗauki nauyinta ba, kuma maimakon alwatikar gargaɗi mai ƙyalli da doka ta ce a ajiye, sai a karyo rassan itace a jera a bayanta, rassan da ba a ganinsu da dare sai an hau kansu. Akwai mota mai ido ɗaya, wadda mai fuskantar ta zai ɗauka babur ce ya ba ta hanyar babur, akwai kuma manyan motocin da aka ƙara wa fararen fitilu masu kashe ido, waɗanda ke barin direban da ya gifta su cikin 'yan daƙiƙun makanta, yana tafiya bai san abin da ke gabansa ba. A kan wannan sai a ƙara hazon hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ke warwatsa hasken fitila ya mayar da shi fuskar direba, da kuma lafiyar idon direban kansa, domin dundumi, wato raunin gani da dare wanda ƙarancin sinadarin bitamin A yakan jawo, da yanar ido da ke zuwa da shekaru, dukansu sun fi nuna kansu bayan faɗuwar rana, kuma mutum zai iya tuƙi lafiya lau da rana bai san yana ɗauke da su ba.

Sai dai ɗaya ɓangaren ba ya musun lissafin, juya shi yake yi. Idan fitila tana nuna mita 50, in ji su, to mai hankali sai ya yi gudun da zai tsaya cikin mita 50, kuma lissafin nan dai ya nuna cewa a gudun kilomita 60 tazarar tsayawa kimanin mita 45 ce, a gudun 50 kuma kimanin mita 35, domin nisan da birki yake buƙata yana ninkawa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Duhu halitta ce da kowa ya san da zuwanta, gudu kuwa zaɓi ne na mai riƙe da sitiyari, don haka ɗora laifi a kan duhu wanke direba ne daga abin da ƙafarsa ta aikata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha bayyana gudun wuce kima a matsayin babban musabbabin haɗurran da take ƙirgawa, haɗurran da suka ci fiye da mutum 5,000 a 2023, suka sake cin fiye da haka a 2024, kuma wannan ne ya sa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu a watan Fabrairun 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanyoyin duniya duk shekara, ta nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4.

Suna kuma jawo hankali ga wanda yake tuƙin dare da halin da yake ciki. Direban da ya wuni a rana yana jiran a gama ciniki da lodin shanu, sannan ya kama hanyar kudu da niyyar ya yi nisa kafin gari ya waye, mutum ne da barci yake binsa bashi, kuma abin da wasu ke sha don su kore shi, daga goro da shayi mai kauri har zuwa ƙwayoyi irin su Tramadol, buɗe ido kawai yake yi, ba ya dawo da saurin tunani. Bayan tsakar dare hanya takan zama wayam, jami'an hanya sun ragu, sai gudun ya ƙaru. Binciken Mishigan ɗin nan da ɓangaren farko yake kafa hujja da shi ya ba su abin riƙewa, domin ya nuna cewa irin haɗarin da mota ɗaya take sauka daga hanya ita kaɗai a kan kwana bai sauya sosai ba tsakanin haske da duhu. A Ingila da Wales kuma, wani bincike na 2015 da ya duba ƙananan hukumomi 62 da suka rage ko suka kashe fitilun titi da dare don tsimin kuɗi bai sami shaidar ƙaruwar haɗurra ba, a Norwe ma an lura cewa direbobi sukan ƙara gudu idan aka haskaka hanya, wato su cinye wani kaso na amincin da hasken ya kawo. Sai dai a nan dole a yi adalci: titunan Ingila suna da zanen layi da alamomi masu ƙyalli da hanyar masu ƙafa daban, babu amalanke a kansu, don haka kashe fitila a can ba ya mayar da hanya irin duhun da ke tsakanin Gagarawa da Gumel.

Musibar Majiya, a ƙaramar hukumar Taura da ke maƙwabtaka da wannan yanki, kowane ɓangare yana jawo ta wajensa. A daren Talata 15 ga Oktoba 2024 wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta ta faɗi, man ya malala, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu a ƙidayar kwanakin farko, adadin kuma ya ci gaba da hawa yayin da waɗanda suka ƙone suke cikawa a asibiti. Masu zargin duhu suna cewa da rana ce da an fi ganin iyakar inda man ya kai, da kuma jami'ai sun fi samun ikon korar mutane. Masu zargin hali suna amsawa da abin da ya faru a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja ranar 18 ga Janairu 2025, inda irin wannan gobara ta ci fiye da mutum 80 da safe, rana tana sama. A wannan gaɓa ɓangare na biyu ya fi gaskiya, domin abin da ya tara mutane a bakin tankar shi ne talauci da tsadar mai bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma fitilar titi ba ta maganin wannan.

Daga cikin masu zargin dare akwai waɗanda suka kai ga neman a hana tafiyar dare gaba ɗaya, aƙalla ga motocin haya, kuma FRSC kanta ta daɗe tana shawartar matafiya su guje ta, saboda ko ceto ma ya fi wuya cikin duhu, wanda ya ji rauni a daji yakan daɗe kafin a kai shi Babban Asibitin Gumel, balle a wuce da shi Dutse ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Shawarar tana da kyau ga wanda yake da zaɓi, amma a mayar da ita doka wani abu ne daban. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yana haura digiri 40, shanun da aka cunkusa a tirela suna galabaita, tayoyi suna fashewa a kan kwalta mai zafi, kuma ɗan kasuwar da ya ci Maigatari ba zai tashi kafin la'asar ba tunda a lokacin ne ciniki yake faɗawa. Dokar da ta saɓa wa yanayi da neman abincin jama'a ba za a bi ta ba, shingayen karɓar na goro kawai za ta ƙara.

Idan aka ɗora hujjojin a kan ma'auni, abin da ke bayyana shi ne ɓangarorin biyu ba a kan dare ɗaya suke magana ba. Akwai daren da ke tsakanin magariba da bayan isha'i, a cikin garuruwa da bakin kasuwanni da mahaɗun hanya, inda kwalta take cike da mutane da dabbobi da amalanke waɗanda ba su da hasken kansu, kuma a wannan dare hujjar masu zargin duhu ce ta yi rinjaye, domin waɗanda ke mutuwa a cikinsa yawanci ba gudu suke yi ba, ganinsu ne ba a yi ba. Akwai kuma daren da ke tsakanin tsakar dare da asuba, a dogon daji tsakanin gari da gari, inda abin da ke kan hanya manyan motoci ne da direbobin da suka gaji, kuma a can hujjar masu zargin gudu da barci ce ta fi nauyi, in ban da batun tirelar da ta mace a kan hanya, wadda ta zama tarko ga kowa. Kuskuren ɓangaren farko shi ne ɗaukar cewa ganuwa tana nufin turakun fitila. Jera fitilu a kan dukan hanyoyin ƙasar Gumel ya fi ƙarfin aljihun ƙananan hukumomi huɗu, kuma fitilar sola tana buƙatar a sauya batirinta bayan 'yan shekaru, a share ƙurar hunturu daga farantinta, a tsare ta daga ɓarayi, sannan layin fitilun da rabinsu ya mutu yana wahalar da ido, domin yana tilasta masa sabawa da haske da duhu a jere.

Akwai hanya mai araha da ta fi dacewa da wannan wuri, ita ce tef mai mayar da haske, wato wani leda mai manne da aka lulluɓe da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko makamantansu, waɗanda ke mayar da hasken fitila kai tsaye zuwa inda ya fito, ta yadda direba zai hango abin da aka manna masa daga tazarar da ta haura mita 100 ko da gajeren haske. Ba ya cin batir, ba ya buƙatar mai gyara. Amurka ta wajabta shi a kan sababbin tireloli daga ƙarshen 1993, kuma binciken da hukumar kula da amincin hanyoyinta ta fitar a 2001 ya nuna cewa ya rage karon da ake yi wa tireloli ta baya da ta gefe cikin duhu da kusan kashi 29 cikin ɗari, a hanyoyin da ba su da fitila ma fiye da haka. A Najeriya FRSC tana neman manyan motoci su manna shi, amma amalanke, wadda ta fi kowa buƙatarsa a Jigawa, ba ta da lamba, ba ta zuwa wajen masu duba lafiyar mota, don haka ba ta hannun jami'an hanya za a kai gare ta ba. Fitilun titi kuwa wurinsu shi ne inda mutane ke tsallaka kwalta, a Gagarawa Tasha da bakin kasuwar Maigatari da mashigan Gumel da Sule Tankarkar, kuma a haɗa su da tudun rage gudu mai fenti, don kada hasken ya zama izinin ƙara wuta, tunda dokar hanya ta riga ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci a cikin gari. Masu cewa komai ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, amma malamai sun daɗe da bayyana cewa dogaro ga Allah ba ya kore riƙo da sababi.

Mafi yawan wannan aiki yana hannun mutanen da ke nan kusa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na Masarautar Gumel sun san duk mai amalanke a ƙasarsu, shugabannin kasuwar Maigatari sun san kowace tirela da ake lodi a kara, rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma su ne ke ba mota layi a tasha, suna da ikon hana wadda fitilarta ɗaya ta mutu ko direban da bai runtsa ba. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin huɗu su sayi tef ɗin nan su raba ta hannun waɗannan mutane kafin hazon hunturu mai zuwa ya sauka, a kuma tsayar da ƙa'ida cewa babu amalanke ko tirela da za ta bar kasuwa ranar Alhamis ba tare da shi a bayanta ba.